Wa Ya Amfana Da Alherinka?

Karatu: Luka 10:25-37

Ga wata tambaya da nake so ka riƙe a zuciya har ƙarshen wannan karatu. Idan ka yi wa mutum alheri ka tafi, me ya rage a hannunsa bayan tafiyarka? Mun saba auna alheri da abin da muka ji a ranmu lokacin da muke yinsa. Idan tausayi ya kama mu, hawaye ya zubo, muka koma gida zuciya ta yi fari, sai mu ce aiki ya yi kyau. Amma akwai wani ma'auni dabam, kuma wani matashi ɗan Amurka ya sha wuya kafin ya koye shi a ƙasar Nepal.

A Turai da Amurka da Ostareliya akwai wata al'ada tsakanin matasa. Idan mutum ya gama makaranta, ko ya gaji da aikin ofis, sai ya tara ɗan abin da ya samu, ya zuba kayansa cikin jakar goyo guda, ya shiga duniya na wasu watanni. Yana kwana a masauki mai araha, yana shiga motar haya tare da 'yan ƙasa, yana cin abin da suke ci. Da yawa daga cikinsu suna ware 'yan makonni don aikin sa kai, kamar koyar da Turanci, ko ginin aji, ko kula da yara a gidan marayu. Nepal, wadda ke tsakanin Indiya da Sin a jikin duwatsun Himalaya, tana cikin ƙasashen da irin waɗannan matafiya suka fi zuwa.

A shekarar 2004, Conor Grennan yana da shekara 29. Ya bar aikin da ya daɗe yana yi a Turai, ya shirya zagaya duniya na shekara guda. Kafin ya fara yawon, ya yi rajistar aikin sa kai na wata uku a wani gidan yara da ke Godawari, kudu da birnin Katmandu. A littafin da ya wallafa a 2011 bai ɓoye dalilinsa ba. Yana so ya rufe bakin masu cewa zai kashe kuɗinsa a kan yawon banza, yana kuma so mutane su riƙa yi masa kallon mutumin kirki idan ya ba da labari. Bai san komai game da renon yara ba. Ya tarar da yara 18, ya zauna da su, ya ci shinkafa da miyar wake irin tasu safe da yamma, suka shaƙu. Da wata ukun ya cika ya ɗauki jakarsa ya ci gaba da yawonsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da babu abin da zai bambanta shi da dubban matafiya. Amma a farkon 2006 ya koma gidan. A wannan zuwan ne wata mata ta bayyana a ƙofar gidan tana neman 'ya'yanta biyu, yaran da kowa ya ɗauka uwarsu ta rasu. Daga nan gaskiya ta fara fitowa: yaran nan ba marayu ba ne.

Ga yadda abin ya faru. Daga 1996 zuwa 2006 Nepal tana cikin yaƙin basasa tsakanin gwamnati da 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao, yaƙin da ya ci rayuka fiye da 13,000. A yankunan duwatsu irin su Humla, can arewa maso yamma, inda a lokacin babu hanyar mota sai ƙaramin jirgin sama ko tafiyar ƙafa ta kwanaki, 'yan tawaye suna tilasta wa iyalai su ba da yara. Sai wasu mutane suka riƙa bin ƙauyuka suna yi wa iyaye alkawari cewa za su kai yaransu Katmandu, inda babu yaƙi, a sa su a makaranta mai kyau. Iyaye suka sayar da dabbobi da gonaki, suka ci bashi, suka biya. Da aka isa birni, sai aka watsar da wasu yaran, aka sa wasu bara, aka zuba wasu a gidajen da ake kira na marayu don a nuna wa baƙi a karɓi gudummawa. Aka koya musu su ce iyayensu sun mutu. Wasu har takardun mutuwar iyaye na jabu aka yi musu. Gidan da Grennan ya sauka na masu gaskiya ne, sun karɓo yaran daga hannun irin wannan mutum, amma su ma ba su san cewa iyayen suna raye ba.

Ka lura da abin da ke juya wannan kasuwa. Mai safarar yara ba ya samun riba idan babu mai biya. Masu biya kuwa su ne baƙi masu tausayi, waɗanda suke ba da kuɗi don a bar su su yi aikin sa kai, suke kuma aiko da gudummawa bayan sun koma gida. Shi ya sa yawancin gidajen yara na Nepal suka taru a wuraren da masu yawon buɗe ido suke zuwa, kamar kwarin Katmandu da Pokhara da Chitwan, ko da yake talauci ya fi tsanani a wasu yankunan. Bincike ya nuna cewa mafi yawan yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Haka aka gano a Kambodiya, inda adadin gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, kuma kusan yara uku cikin kowane huɗu suna da aƙalla mahaifi ɗaya a raye. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Nepal ranar 25 ga Afrilu 2015, wadda ta kashe kusan mutum 9,000, gwamnati ta hana fitar da yara daga yankunansu ba tare da iyaye ko izini ba, domin an san masu safara za su bi sawun tausayin duniya. A 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bauta ta zamani.

Ko a gidan da babu zamba, akwai wata illa da baƙo ba ya gani. Yaro ƙarami yana buƙatar mutum tsayayye wanda zai san cewa gobe ma yana nan. Idan kowane wata sabuwar fuska ta zo ta rungume shi, ta yi wasa da shi, ta yi kuka ranar rabuwa ta tafi, abin da yaron yake koya shi ne duk wanda ya ƙaunace shi zai tafi. Matafiya sukan ba da labari da murna cewa yara sun rugo sun maƙale musu tun ranar farko. Masu nazarin tarbiyyar yara kuwa sun san cewa yaron da yake maƙale wa kowane baƙo sau da yawa yana nuna alamar rashin wanda ya dogara da shi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana da sanyi da safe, amma ba ta raya shuka.

To, ga inda tambayarmu take. Shin kyakkyawar niyya ta isa ta mai da aiki alheri? Dubi abin da labarin nan ya ajiye a gabanmu. Akwai matasa da suka je da zuciya ɗaya, suka yi addu'a, suka hana kansu don su tara kuɗin tafiya, amma kuɗinsu ya shiga aljihun wanda ya raba yaro da uwarsa. Ga kuma Grennan, wanda da bakinsa ya ce niyyarsa ta farko tana da gauraye da son yabo, amma ƙarshen tafiyarsa ya zama albarka ga iyalai da yawa. Idan niyya kaɗai ce ma'auni, to lissafin bai fita ba. Idan kuma sakamako kaɗai ne ma'auni, sai mu ce alheri sa'a ce kawai, wanda ta faɗo masa ya dace. Wannan ma bai gamsar ba.

Abin da ya raba su yana tsakanin niyya da sakamako, wato abin da mutum ya yi lokacin da gaskiya ta zo masa. Grennan ya sami labarin wasu yara bakwai da mai safara ya yasar a hannun wannan matar. Ya shirya da wata ƙungiya ta karɓe su, ya koma Amurka yana ganin ya sauke nauyi. Sai saƙo ya iske shi cewa kafin a je ɗaukarsu an riga an kwashe su, ba a san inda suke ba. A nan yana iya cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma babu wanda zai zarge shi. Amma ya yi wa yaran alkawari cewa za a zo. Ya kafa ƙungiyar Next Generation Nepal a 2006, ya nemi kuɗi, ya koma Katmandu ya shiga neman su tare da 'yan ƙasar da suka san hanya. A ƙarshen shekarar ya hau duwatsun Humla da ƙafa, ɗauke da hotunan yara, yana bin ƙauyuka yana nuna wa iyayen da suka yi shekaru ba su ji ɗuriyar 'ya'yansu ba. Aikin ƙungiyar ya koma mayar da yara gidajensu, kuma ita kanta ta shiga gargaɗin matafiya game da aikin sa kai a gidajen marayu.

Wataƙila za ka ce, idan haka ne ai gara mutum ya zauna a gida, kada ya je ya yi ɓarna da sunan taimako. Wannan magana tana da ƙamshin hikima, amma ka yi hankali da ita. A misalin da muka karanta, firist da Balawe ba su yi wa mutumin da aka yi wa fashi wata ɓarna ba. Sun ratse ne kawai, hannunsu a tsabtace, kuma ba su aka yaba ba. Tsoron kuskure yana iya zama mafakar rowa. Tafiya tana buɗe ido, kuma da Grennan bai je ba, da bai taɓa sanin Humla ba. Gyaran da ake nema shi ne mutum ya je da kunne a buɗe, ya san cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ka sake duba Basamariyen nan. Shi ma matafiyi ne, a ƙasar da ba tasa ba, kuma ba zai iya zama ba. Ya matso kusa har ya ga ainihin raunin kafin ya yi magani. Ya kai mutumin wurin da za a ci gaba da kula da shi, ya damƙa shi a hannun mai masauki, mutumin da yake zaune a wurin kullum. Ya biya dinari biyu, wato ladan aikin kwana biyu na lebura a zamanin, ya kuma ɗauki nauyin abin da zai ƙaru idan ya dawo. Mai masaukin ne zai ga ranar da mutumin ya miƙe, shi za a yi wa godiya ido da ido. Basamariyen ya yarda da wannan, ya tafi ba tare da an san ko sunansa ba.

Wataƙila ba za ka taɓa taka Nepal ba, amma tambayar ta iso har ƙofarka. Idan zumuntar matasa ta shirya ziyarar gidan marayu lokacin Kirsimeti, ko sansanin 'yan gudun hijira, ko wani ƙauye mai nisa, ka tsaya ka yi wa kanka tambayoyi kafin ka shiga mota. Su waye yaran nan, kuma ina danginsu? Shin kuɗin da za mu kashe a mota da riguna masu tambari ba zai biya kuɗin makarantar yaro a gidan kakarsa ba? Mun tambayi mutanen wurin abin da suke buƙata, ko mun yanke musu? Aikin da zan yi, na iya shi har da za a bar ni in yi shi a kan 'ya'yan unguwarmu? Idan aka ce kowa ya bar wayarsa a gida, babu hoto ko ɗaya, zan tafi? Kuma wa zai ci gaba bayan mun dawo? A al'adarmu idan uba ya rasu, kawu ko gwaggo ko kaka ce take riƙon yaro. Sau da yawa taimakon da ya fi amfani shi ne wanda ya ƙarfafa hannun wannan mai riƙo, ko da yake ba shi da daɗin nunawa.

Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne, amma ka bincika ka ga a jikin wa ya manne. Idan ka gano cewa wani alherin da ka yi a baya kai ya fi amfana, kada ka karaya, kada kuma ka kare kanka. Niyyar Grennan ta farko ba cikakkiya ba ce, amma ya bar gaskiya ta gyara shi, ya koma. Kai ma akwai wanda ka taɓa yi wa alkawarin za ka dawo, ko za ka kira, ko za ka aiko. Ka neme shi a wannan mako.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka san zuciyata fiye da yadda na san ta. Ka tsarkake niyyata daga son yabo. Ka ba ni tawali'un yin tambaya kafin in miƙa hannu, da amincin cika abin da na alkawarta. Ka tuna da yaran da aka raba da iyayensu a Nepal da ko'ina cikin duniya, ka mai da su gida. A cikin sunan Yesu, Amin.