Shin Ladabi A Gwiwa Yake?

Yau na ajiye labarin soyayya gefe guda, na zo muku da wata tambaya da ta hana ni sukuni tun ranar da muka biyo hanyar Kazaure muka dawo da Innata gida Daura daga Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, inda aka canza mata gwiwar dama. Tambayar ita ce: in mutum ya kasa durƙusawa, ladabinsa ya tafi ke nan?

Mu dai Hausawa mun ɗora wa gwiwa kaya mai yawa. Jarumi mu ce yana da ƙarfin gwiwa, wanda ya karaya mu ce gwiwarsa ta yi sanyi, mai naƙuda mu ce tana kan gwiwa, mai neman alfarma kuwa ya zo gwiwa biyu. Da ita muke gaida manya, da ita muke kai goshi ƙasa gaban Ubangiji. Inna kuwa shekara 64 ta yi tana morar tata, daga jan ruwa a rijiya zuwa tsugunno gaban murhu, ga haihuwa tara. A hankali guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya cinye, ƙashi ya koma gogar ƙashi. Babu man zafin da ba mu shafa ba, babu jiƙon da ba ta sha ba, har ta kai daga ɗaki zuwa bakin zaure sai ta huta sau biyu.

Likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Za a shafce bakin ƙasusuwan nan biyu da suka lalace, a rufe su da ƙarfe, a sa wata roba mai tauri a tsakani ta maye gurbin guringuntsi. Ya ce wani bincike da aka buga a Ingila a 2019 ya nuna cikin irin gwiwar nan 10, kusan 8 sukan kai shekara 25 suna aiki. Amma bai ɓoye mana ba cewa da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin ba sa iya naɗe ƙafa irin zaman tahiya, kuma durƙuso yakan yi musu wuya. Inna ta ce ta ji ta yarda. Ashe kunne ne ya ji, zuciya ba ta ji ba.

Kwana ɗaya da aiki aka tashe ta tsaye da ƙarfen dogarawa, don kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiya, gwiwar kuma ta sandare. Wata yarinya mai gashin ƙashi, wadda ba ta wuce sa'ar autarmu ba, ita ke zuwa tana lanƙwasa ƙafar tana cewa, "Hajiya a ƙara kaɗan, sai ta lanƙwasu kamar ta mai zama kan kujera." Inna tana zufa tana salati. Da muka dawo gida aka ɗaga mata gado, aka sawo kujerar bayan gida tunda tsugunno ya haramta, tabarma da kujera 'yar tsugunno kuwa sai kallo. Bayan mako 6 ta koma sanda, bayan wata 4 ga ta tana zuwa unguwa da ƙafarta. Ciwon da ya hana ta barci shekara da shekaru ya tafi. Alhamdu lillahi.

To, a nan ne wani ciwon ya ɓullo. Lokacin Sallar Gani gari ya cika da baƙi, muka je gaida yayan mahaifinmu, dattijon da Inna ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba tun tana amarya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ina wuni? A gafarce ni." Shi dai ya amsa da fara'a. Amma muna fitowa na jiyo wata tana raɗa, "Oho, tunda aka sa mata ƙarfe ai ta fi ƙarfin durƙuso." Inna ma ta ji. Daren nan na same ta kan kujerar sallarta tana hawaye. Ta ce da ni, "Ke 'yar nan, mutane ban durƙusa musu ba, Ubangijina ban kai masa goshi ƙasa ba. Anya ban sayar da ladabina na sayi lafiya ba?"

Wallahi na rasa amsa. Washegari na je wurin malamar Islamiyyarmu, ta tuna mini da sahabin nan Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dame shi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe in ya kasa zama. Wannan ya warware zancen salla. Zancen mutane kuwa ni na zauna na yi ta juya shi.

Mai karatu, sau nawa ka ga wadda ta zube ƙasa gaban surukarta, tana tashi ta bi ta da harara? Sau nawa ka ga wanda ya faɗi gaban mai kuɗi, ya fita waje yana zaginsa? Gwiwarsu lafiya lau take, tana lanƙwasuwa har ƙasa. Sai kuma na tuna abin da idona ya gani cikin watannin jinya. Inna mace ce mai kafiya, ko ruwan alwala ba ta yarda a ɗebo mata. Amma ta bari na riƙe ta zuwa bayan gida, ta bi umarnin yarinyar da ta yi jika da ita, kullum kuma sai ta ce mata, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata." A ganina wannan durƙuson ya fi duk wanda ta taɓa yi nauyi, don girman kanta ne ta lanƙwasa.

Kada 'yan mata su ce to shi ke nan, an soke durƙuso. A'a. Jiki shi ke koya wa zuciya, yarinyar da ta saba rusunawa tun tana ƙarama da wuya ta ɗaga wa babba murya, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mai lafiya ta durƙusa. Abin da nake cewa, durƙuso alama ce kamar hayaƙi, ladabi shi ne wutar. Wani garwashin ba ya hayaƙi, amma taɓa shi ka ji. Wanda ya yanke wa mutum hukunci da abin da gwiwarsa ta yi, bai san abin da ke ƙarƙashin zane ba, ya ɗauki alhaki a banza.

Na faɗa wa Inna haka, ta yi shiru, sannan ta ce in miƙo mata carbinta. Har yau a kujera take salla, kuma wani lokaci nakan ga ta ƙura wa dardumar ido. Wannan kewar ba ni da maganinta. Abin da na sani, da aka sake zagayowa salla muka koma gidan dattijon nan, kafin mu shiga ya riga ya sa an ajiye kujera kusa da shimfiɗarsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare harsunanmu daga abin da ba mu da sani a kai. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.