Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Akan jefa wannan karin magana idan mutum ya riƙe hannun baƙo a kasuwa yana kiransa da sunan wani. Ni kuwa na fi ganin gaskiyarta a busassun koramun ƙasar Agadas, bayan ɗan ruwan da ke sauka a watan Agusta.

A can za ka tarar da wani tsiro ya yaɗu bisa yashi, ganyensa a tsattsage, furensa rawaya mai kunne biyar. Duk wanda ya tashi a gona zai rantse kankana ce, ko guna. Kwartowa ce. 'Yan'uwa ne na kusa, masana ma gida ɗaya suka sa su, Citrullus, shi ya sa fure kaɗai ba ya raba gardama. Kowaccensu tana fitar da fure namiji da fure mace a jiki ɗaya, macen da ɗan kumburi a gindinta, wanda shi zai zama ɗa.

Makiyayi ba ya tsayawa a kan fure. Ganye yake shafawa: na kwartowa ƙanana ne, ga kaushi kamar harshen kyanwa. Sai ya tona gindi. Kankana damina ɗaya take yi ta mutu, kwartowa kuwa saiwarta kauri gare ta, ta nutsa ƙasa, tana nan rani da damina. Ɗanta bai wuce girman lemo ba, da zane kore irin na kankana, in ya nuna sai ya koma rawaya, ya bushe, ya yi sakayau.

Wanda ƙishirwa ta ruɗa ya fasa ya ci, ɗaci ne zai fara tarbarsa, sannan zawo mai tsanani, wani lokaci har da jini, a wurin da rijiya take tafiyar yini.

Sai dai a lura, karin maganar ba ta zagi mai kama ba, cewa ta yi kada a ba shi sunan wani. Kwartowa ma tana da ranarta. Larabawa suna kiranta hanzal, sun daɗe suna magani da ita, Tubawan Tibesti a Chadi kuwa sukan wanke ƙwayarta har ɗacin ya fita, su ci.

In hanya ta kai ka arewa ka ga wannan furen, tambayi mai raƙumi kafin ka fasa ɗan.