Rage Shekaru A Filin Wasa: Amanar Malami

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa Musulmi, tambayarmu ta wannan mako ita ce: shin ha'inci a filin wasa zunubi ne, ko kuwa tun da wasa ne mala'iku ba su rubutawa?

Musulunci bai hana gasa ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi sukuwa a Madina. Horarrun dawaki aka ba su zango mai nisa, marasa horo kuwa zango gajere. Abin lura a nan shi ne adalci, aka haɗa kowa da sa'ansa.

To, wannan adalcin ne ake karyawa idan aka rage wa ɗan wasa shekaru. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasa. Tun daga 2009 take amfani da na'urar hoton ƙashin wuyan hannu, kuma a 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi wannan gwaji. A kara ta Wudil ran Juma'a, mai saye yakan buɗe bakin sa ya duba haƙori don bai amince da maganar dillali ba. Abin kunya ne a ce sai an yi wa 'ya'yanmu haka.

Cutar takan fara ne tun daga gasar makarantu, inda malamin wasanni zai rubuta sunan ƙato cikin yara don a ci kofi. Saboda haka maganin yana wurin horon malaman, kamar sashen koyar da motsa jiki na Jami'ar Bayero ta Kano da kwalejojin ilmi. Sanin gaɓoɓin jiki da dokokin wasa bai wadatar ba. Wajibi ne a karantar da amana, kuma lokacin gwajin koyarwa a duba yadda ɗalibi ke zaɓen 'yan wasa, da halinsa in an cinye shi.

Wani zai ce, ai kowa na yi, in ban yi ba kullum ni ne a ƙasa. Amsa ita ce hadisin Muslim game da mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, Annabi ya nisanta mai algus daga al'ummarsa, bai keɓe kasuwa da hukuncin ba. Sa'an nan akwai yaron da aka ture don a sa ƙato. Haƙƙinsa ne aka ci, haƙƙin bawa kuwa sai mai shi ya yafe. Wanda aka rage wa shekaru shi ma an koya masa cewa ƙarya na biya, da wannan darasi zai shiga ofis gobe.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum.