Kowane Mutum da Kayan da Zai Ɗauka

A lokacin zaɓen masu hidima, akan kira sunaye bayan sujada, waɗanda aka zaɓa su fito gaba, fasto ya yi musu addu'a, jama'a su amsa da amin. Daga nan kowa ya koma gida da sabon suna: wannan ma'aji, wancan magatakarda, waccan shugabar zumuntar mata. Abin da ba a cika ba su ba shi ne takarda mai bayyana aikin da aka ɗora musu, da iyakarsa, da wanda za su ba lissafi. Wanda ya tambaya kuwa, sau da yawa akan ce masa, "Ai aikin Ubangiji ne, Ruhu zai bishe ka."

Gaskiya ne Ruhu Mai Tsarki yana bishewa. Amma shi ne kuma ya sa aka rubuta sura 4 ta Littafin Ƙidaya, wadda mutane sukan tsallake domin suna ganin lissafi ne kawai. A can an ƙidaya Lawiyawa 8,580 masu shekara 30 zuwa 50, aka kasa musu aikin alfarwa ta sujada. Zuriyar Kohat ke ɗaukar kayayyaki mafi tsarki, zuriyar Gershon labule da murfin alfarwa, zuriyar Merari kuwa katakai, da ginshiƙai, da turaku, da igiyoyi. Har an umarta a ambaci abin da kowane mutum zai ɗauka da sunansa. Ko turke bai zama na wanda ya ga dama ba. A sura 7 an raba kayan aiki bisa ga nauyin aikin: amalanke 2 ga Gershonawa, 4 ga Merariyawa, Kohatawa ba su sami ko ɗaya ba, gama nasu a kafaɗa za a ɗauka.

Bayan shekaru da yawa, a zamanin Dawuda, aka aza Akwatin Alkawari a kan sabon amalanke. Shanu suka yi tuntuɓe, Uzza ya miƙa hannu ya riƙe akwatin, ya mutu nan take. Dawuda da kansa ya yarda daga baya, a 1 Tarihi sura 15, cewa ba su bi ka'idar da aka ba su ba. Ka'idar tana nan a rubuce, shugabanni ne ba su duba ba, wanda ke tsaye kusa da akwatin kuma shi ya biya.

Haka yake har yau: in babu tsari, mai hidima ne ke shan wahala. A ɗauki misalin ma'aji. Mutum ne mai tsoron Allah, amma ba wanda ya faɗa masa yadda za a riƙe baiko da zakka. Yakan ƙirga shi kaɗai, ya kwana da kuɗin a gida, ya ba wannan dattijo ko wancan bisa ga maganar baki. Ranar da lissafi bai cika ba, ba shi da shaida ko ɗaya. Matarsa ta daina zuwa zumunta saboda kallon da ake mata, 'ya'yansa su ji ana kiran ubansu ɓarawo a makarantar Lahadi. Da an rubuta cewa mutum 3 ne za su ƙirga kafin a bar majami'a, su sa hannu, a kai banki kashegari, kuma kada a fitar da ko kwabo ba tare da izinin majalisa a rubuce ba, da sunansa ya tsira. Manzo Bulus ma bai yarda ya riƙe gudummawar tsarkaka shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya ambaci ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa ya yi tafiyar tare da su, don kada kowa ya sami abin zargi.

Ma'aikatan da ake biya albashi ma abin ya shafe su. Mai gadin da aka ɗauka domin tsaron majami'a da dare, bai kamata a iske shi da rana yana noma a gonar wani babba ba, alhali ba ya iya cewa a'a don tsoron rasa abincinsa.

Takardar ba ta bukatar dogon Turanci. Shafi ɗaya ya isa, cikin harshen da mai aikin ke ji, a karanta wa wanda bai iya karatu ba. Dattawa su rubuta ta tare da wanda ya riƙe aikin a da, domin shi ya san inda yake da nauyi. Ta kuma faɗi yawan lokacin da aikin zai ci a mako, da shekarun da za a yi a kai; hidimar Lawiyawa ma tana da ranar ƙarewa. Wannan zai ba miji da mata zarafin zama su duba tare kafin a ce "na yarda", maimakon uwa ta tarar tana fita yamma 5 a mako yara suna jiran tuwo.

Kada kuma a kulle ta a akwati. Majalisa ta zauna da mai hidima sau ɗaya a shekara su karanta ta, a gyara abin da ya sāke. Ranar miƙa aiki ga sabon mutum, a haɗa ta da jerin abin da ke hannun mai barin aikin: mabuɗai, littafin rasit, takardun fili, da kujerun da aka ba da aro.