Tsirkiyar Gogen Kaka

A ɗakin Baffa, a gidanmu na Hawata, akwai goge rataye a bango tun kafin a haife ni. Na kakanmu ne. Da shi ya baro ƙasar Katsina a ƙafa, da niyyar zuwa Makka, kamar dubban Hausawan da suka bi wannan hanya ta gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu suka tsaya Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu suka zarce Gadarif da Kasala, shi kuwa ya yada zango a nan gefen kogin Rahad don ya yi noman dawa da riɗi ya tara guzuri. Zangon ya zama gida.

Tsirkiyar gogen ta daɗe da mutuwa. Izgar dokin ta tsinke sili-sili, saura kaɗan ke lilo. Ranar da na ce zan sa a ɗaura masa sabuwa, Baffa ya dube ni kamar na ce zan tone kabari.

"Kai yaro, wannan izgar hannun Baba ne ya ɗaura ta. In ka cire, me ya rage nasa?"

Tambayar ta fi ƙarfin gardamar tsakar gida. Masanan Girka sun daɗe da yin irinta game da jirgin ruwan wani jarumi, Tesiyus, wanda mutanen Atina suka ajiye suna sauya masa katako duk wanda ya ruɓe, har aka rasa na asali ko ɗaya. Jirgin nan ne, ko wani? Mu ma muna da namu misalin: masallacin Jenne na ƙasar Mali, da ake yi wa sabon yaɓe kowace shekara, ba wanda ya taɓa cewa an sake masallaci.

Wanda ya ƙara buɗe mini ido wani malamin kiɗa ne da yaƙin Afrilun 2023 ya koro daga Khartum, ya zauna ɗan lokaci a unguwarmu. Ya baro wani tsohon fiyano, irin na tsaye da ake jingina wa bango, kuma kullum zancensa ke nan. Ya ce a bayan maɓallai 88 ɗin nan akwai wayoyin ƙarfe sama da 200, kuma jan da suke yi gaba ɗaya ya kusa tan 18. In suka tsufa suka yi tsatsa, muryar sai ta dushe, ka saita yau gobe ta sauka. Magani shi ne a sauya su. Amma ya ce abu biyu ke tsoratar da mai gyara. Na farko, katakon da ke riƙe da ƙusoshin wayoyin yana iya kasancewa ya tsage, sabuwar waya ta ƙarasa shi. Na biyu, sabuwar waya ba ta zama da wuri. Tana miƙewa, sai an yi ta saita ta watanni kafin ta yarda. Mai fiyano yakan ji haushi a makonnin farko, ya ce an lalata masa kaya.

Na ce ashe ciwon ɗaya ne. Ƙwaryar gogen kaka ta bushe ƙarau, fatar guzar da aka rufe ta da ita ta yi laushi a gefe. In aka ja sabuwar izga bisa jakin, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa, ƙwaryar tana iya fashewa. Ke nan wanda ya tashi gyara yana sa abin gādo cikin haɗari, wanda ya bari kuwa ba ya asarar komai da ido ke gani.

Sai dai a nan na rabu da Baffa. Ban yarda cewa bari ba ya sauya komai ba. Kaka bai taɓa mallakar goge marar murya ba. A shekarun da ya yi yana kiɗa, izga nawa ya tsinka, nawa ya ɗaura? Wadda Baffa ke gadi ba ita ta baro Katsina ba, ta ƙarshe ce kawai cikin jerin da ba wanda ya ƙirga. Tsirkiya dama an yi ta ne don ta ƙare. Abin da ke bangon nan ya riga ya sauya daga abin kiɗa zuwa abin kallo, kuma mu muka sauya shi, da zaman da muka yi muna kallonsa. Don dai sauyin ya zo a hankali, ba hayaniya, shi ya sa muke kiransa riƙon amana.

Da na faɗa wa Baffa haka, bai yi fushi ba. Ya kawo wata hujja, wadda ta fi ta farko nauyi nesa ba kusa ba.

"Ɗana, ba tsinkewa ta sa ya rataye shi ba. Da ya sauke farali ya dawo, da hannunsa ya rataye, bai ƙara taɓawa ba. Kai ne za ka ɗauko abin da mai shi ya ajiye?"

Na yi kwanaki ban sami amsa ba, kuma har yau ba ni da cikakkiya. Mamaci yana da haƙƙi a kan abin da ya bari, ko da bai yi wasiyya ba. Abin da kawai na sani shi ne mutumin da ya tuba da abu yakan fasa shi ko ya ba da shi. Kaka bai yi ko ɗaya ba. Goggo ta ce duk hunturu yakan sauke shi ya shafa wa fatar man shanu don kada ta tsage. Wa yake tanadar wa? Mai yiwuwa kewa ce kurum. Mai yiwuwa kuma kansa ya hana, bai hana gogen ba.

Damina ta 2024 ce ta raba gardamar, ko in ce ta ture ta gefe. Da Sinja da Dindir suka faɗi, mutane suka yi ta kwararowa Hawata cikin taɓo, mu ma muka ɗaure kaya muna jiran abin da Allah zai yi. Na ga Baffa ya naɗe gogen a cikin zanen Goggo ya sa a saman buhu. Da ƙura ta lafa muka kwance kaya, bai mayar da shi bango ba. Ya miƙo mini.

Wani dattijo da ke da doki ya ba ni izga. Muka ɗaura a hankali, kwana uku muna ƙara ja kaɗan-kaɗan, kunnena na kan ƙwaryar ina sauraron ƙarar tsagewa. Ba ta tsage ba. Na goga ƙaro, na ja. Wata murya ta fito mai kaushi, kamar ta wanda aka tasa daga barci.

Baffa ya daɗe shiru.

"Ba muryarsa ba ce," in ji shi. Ya gyara zama a kan tabarma. "Ta yi sako-sako. Ƙara ja mata kaɗan, mu ji."