Ciwon da Ido Ba Ya Gani: Shin Faɗinsa Rashin Haƙuri Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

An gina garin Akokan ne domin ma'aikatan kamfanin Cominak, wanda ya fara fitar da uranium a 1978 daga ramuka masu zurfin kimanin mita 250. A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe wurin haƙar. Aiki ya tsaya, amma akwai mutanen da wahalar shekarun nan ta bi su har gida: wanda dutse ya danne wa ƙafa, wanda aka yi wa tiyata a gadon baya, da wanda ya yi haɗari a hanyar Tawa zuwa Arlit. Rauni ya warke, fata ta haɗe, ciwo kuwa ya ƙi tafiya.

Likitoci sun san dalili. Idan jijiyar da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta lalace, takan ci gaba da aika saƙon zafi ko da babu sabon rauni. Mai shi yakan ji kamar garwashi a tafin ƙafa, ko sukar allura, ko fizgar wutar lantarki. Wani ko riga ce ta taɓa wurin sai ya zabura. Wanda aka yanke wa ƙafa ma yana iya jin raɗaɗi a yatsun da babu su. Sau da yawa hoton asibiti ba ya nuna komai, shi ya sa mutane kan fara zargin raki ko lalaci.

A nan muridi ke shiga ruɗu. An karantar da shi haƙuri da yarda da hukuncin Allah. Idan ya ce yana jin ciwo, shin ya warware wannan yarda? Idan ya nemi magani, shin tawakkalinsa ya yi rauni?

Malaman tasawwufi sun raba tsakanin mai kai kukansa ga Allah da mai ƙorafi a kan hukuncin Allah. Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya faɗa wa Ubangijinsa cutar da ta shafe shi, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i, kuma a Suratu Sad Allah da kansa ya yabe shi da haƙuri. Ke nan faɗin ciwo bai rage masa daraja ba. Yarda aikin zuciya ce. Jijiya kuwa ba ta da niyya, ba a hisabi a kanta. Bawa yana iya nishi da dare saboda zafi, zuciyarsa tana cewa Ubangijinsa bai zalunce shi ba, kuma wannan shi ne mai haƙuri.

Shari'a ma ta yi masa sauƙi. Sahabi Imrana bin Husaini ya kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, maganar ciwonsa, aka ba shi izinin yin salla a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe. A ƙa'idar ɗarikar Tijjaniyya, an bar wa mara lafiya zaɓi game da lazimi. Wanda ƙafarsa ba ta jure zaman wazifa, ya miƙe ta ko ya jingina da bango ba tare da jin kunya ba.

Shirun da ake ɗauka haƙuri yana da haɗari. Wanda ya ɓoye ciwonsa don gudun a ce ya gaza, yakan ƙare a wurin mai tallar tramol, ya fita daga ciwo ɗaya ya faɗa wani da ke cin hankali da ibada. Alhali akwai magunguna da likita ke rubutawa musamman don ciwon jijiya, irin su amitriptyline da gabapentin, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu. Neman su riƙo ne da sababi, kuma Annabi ya yi umarni da neman magani.

Saura haƙƙin da ke kan ƴan'uwa na zawiya. A makon farko na rauni gida kan cika da masu dubiya. Bayan shekara biyu, sai mutum ya rage shi da matarsa da ciwonsa, musamman a garin da abokan aiki da yawa suka watse bayan rufe kamfani. Farkon taimako shi ne a gaskata shi idan ya ce yana jin zafi. Sai a riƙa leƙa shi, a haɗa masa kuɗin magani ko na motar zuwa Agadas, wani lokaci kuma a kai masa wazifa har gida. Kalmar "ka yi haƙuri" tana da nauyi ne idan ta fito daga bakin wanda ya zauna ya saurara.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sanya ciwonsu kaffara da ɗaukakar daraja, albarkacin Annabin rahama. Amin.