Bindigar Fari da Hannun da Zai Riƙe Ta

Tun da 'yan fashin daji suka tsallako daga Katsina suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a shekarar 2025, wata tambaya wadda a dā sai a zauren mafarauta ake jin ta ta shiga bakin samarinmu: wace bindiga ce ta dace wanda bai taɓa harbi ba ya fara saya? Ana yin ta a teburin mai shayi a bakin titi wajen Ƙofar Ɗan Agundi, ana kuma yin ta a harabar coci bayan Misa. Amsoshin da ake bayarwa galibi na kasuwa ne, watau wadda ta fi araha, wadda ta fi cin nisa, wadda harsashinta bai yi wuyar samu ba. Alhali kuwa tambayar ta shafi lamiri tun kafin ta kai ga aljihu, domin kayan da ake cinikin nan an ƙera shi ne musamman don ya fitar da rai.

Ita kanta ƙofar da ake zama a gindinta kayan tsaro ce, ta kuma girmi bindiga a hannun Kanawa. Ganuwa da ƙofofinta na kowa ne, kowace ƙofa da sarkinta, wanda a dā yakan rufe ta da dare, ya kuma amsa tambaya a fada in wani abu ya faru. Da bindiga ta samu gindin zama a birnin, bisa wannan tsari aka ɗora ta. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki, kuma magadansu ne waɗanda muka saba jin rugugin albarushinsu a hawan Sallah. Abin lura a nan shi ne, mai riƙe da bindigar yana da na gaba da shi, wanda zai ce masa harba ko dakata. Saurayin da ya sayo tasa a ɓoye ya tura ƙarƙashin katifa ba shi da kowa a samansa sai fushinsa da tsoronsa.

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta raba su gida uku. Akwai na yaƙi, irin su AK-47, waɗanda aka haramta wa farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Akwai na farauta, masu baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. Sai kuma bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. A watan Agusta na 2023 Sufeto-Janar ya dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka mai niyya sai ya fara zuwa hedkwatar 'yan sanda a Bompai ya ji matsayin da ake ciki. Amma sashen da ya fi jan hankalina a dokar shi ne na waɗanda ta hana wa lasisi: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Duka biyar ɗin a kan mutum suke magana. Ashe masu tsara dokar sun gane cewa hannu ake fara bincikawa kafin ƙarfe.

Ikkilisiya ba ta hana mutum kare ransa ba, amma ta daɗe tana jan kunne. Waliyyi Agustin, bishop ɗan Afirka da ya rasu a shekara ta 430, ya yarda soja da mai hukunci su ɗauki takobi domin jama'a, amma ya yi nauyin baki ƙwarai game da talaka ya kashe wani don ceton kansa kaɗai. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, shi ne ya warware ƙullin. Ya koyar da cewa aiki ɗaya yana iya haifar da sakamako biyu, tsirar wanda aka far wa da kuma mutuwar maharin, kuma laifi ba ya hawa kan mai kare kansa muddin tsira ya nufa, bai kuma yi amfani da ƙarfin da ya wuce bukata ba. Katikizim na 1992 ya bi wannan sawu, har ya ƙara da cewa ga wanda rayukan wasu ke wuyansa, kāriya tana iya zama wajibi mai nauyi. To, sharaɗin nan na kada a wuce bukata shi ne ya shafi zaɓen bindiga kai tsaye. Sabon maharbi bai san iyakar bukata ba tukuna, domin bai taɓa ganin yadda hannunsa ke rawa in kare ya yi haushi da tsakar dare ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, in har ya zama dole, bindigar fari ta zama wadda ta fi kowace jinkiri, watau ta farauta mai cin harsashi ɗaya, mai lasisi, a ƙarƙashin idon wani babba da ya san aikin. Mai irin wannan bindiga in ya harba sau ɗaya dole ya tsaya, ya buɗe, ya fitar da kwanso, ya sa wani. Wannan ɗan tsaikon da masu ciniki ke kira aibu, a cikinsa ne ido ke sake dubawa, kunne ya ji muryar da ke cewa ni ne, kada ka harba. AK-47 kuwa gidan harsashinta na cin 30, tana iya zazzage su cikin daƙiƙa uku ko huɗu, kafin lamiri ya buɗe baki. Ba ina yabon bindigar toka ta maƙera ba ne; wadda aka yi da bututun ruwa takan fashe, ta tafi da yatsun mai ita ko idonsa, kuma arharta ba hujja ba ce.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ɓarayin daji da manyan makamai suke zuwa, mai harsashi ɗaya kuwa gawa ce da ba ta faɗi ba tukuna. Gwamnoni ma sun faɗi makamancin haka: na Katsina a 2021, da gwamnatin Zamfara a watan Yuni na 2022, sun ce wa talakawa su nemi makami su kare kansu. Wanda aka sace wa mata ko ɗa ba ya bukatar wa'azi daga wanda ke kwana a bayan katanga. Sai dai a dubi abin da ya biyo bayan 'yan sa-kai a Zamfara, inda kisan Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar da ake neman kashewa. Babbar bindiga a hannun wanda bai ƙware ba ba ta mai da shi soja. Abin da takan yi shi ne ta faɗaɗa kuskurensa, ta kuma sa gidansa ya zama abin nema ga masu son ƙwace ta. Dawuda ma, da Sarki Saul ya sa masa sulke da kwalkwali da takobinsa, tuɓe su ya yi domin bai saba da su ba, ya koma ga majajjawar da hannunsa ya sani tun yana kiwo. Mafarautanmu na gargajiya sun riƙe wannan hikima: yaro yakan daɗe yana bin manya da jaka da kare da gora kafin a yarda ya ɗana kunama.

Akwai kuma wani nauyi da mai saye ba ya gani a ranar ciniki, watau yadda wasu za su karanta bindigarsa. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta 'yan jihar Kano suna dawowa daga Fatakwal don yin Sallah a gida, 'yan banga suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Uromi gari ne da Kiristoci suka fi yawa, kuma mu da muke zaune lafiya da maƙwabtanmu a Kano bai kamata mu yi wa wannan ta'asa kwaskwarima ba. Alhakin jinin yana kan waɗanda suka zubar da shi. Amma abin ya nuna cewa a ƙasar da tsoro ya cika, bindiga takan yi magana kafin mai ita ya buɗe baki, kuma waɗanda suka tare hanyar su ma mutane ne da suka ɗauki makami da sunan kare garinsu.

Wanda ya zo mini da wannan tambaya, nakan mayar masa da wasu kafin mu kai ga sunan bindiga. Wa zai koya maka, kuma wa ke da ikon karɓe ta daga hannunka in ya ga ka sauya? Ina za ta kwana, a gidan da yara ke shiga kowane ɗaki, kuma ina harsashin zai kwana dabam? Matarka ta sani, ta kuma yarda? Yaushe rabonka da faɗa, yaushe rabonka da burkutu ko ƙwaya? Akwai wanda kake riƙe da shi a zuci kan gona ko bashi ko mace? Wannan ta ƙarshen ita ce samari suka fi yin shiru a kanta, kuma wanda ya yi shiru nakan roƙe shi ya ajiye kuɗin wurin mahaifinsa ko katikis har bayan damina.